Rajistar aiki: shiga tsofaffin suwic da rauta ta kafar konsol, Garki

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Abin da muka tarar a rak ɗin ofishin Area 11, wato kantar da ake jera na'urorin sadarwa: suwic ɗin Cisco Catalyst 2950 guda biyar, Catalyst 2960 guda biyu, rautar Cisco 2811 ɗaya, suwic ɗin HP ProCurve 2626 ɗaya, sai UPS, na'urar riƙe wuta mai batir, a can ƙasa. Ƙarshen wata za a kwashe su zuwa sabon gini a Utako, amma babu kwafin saitinsu ko da a takarda, kuma babu wanda ya san adireshin IP da ake shiga da shi ta Telnet. Hanyar da ta rage ita ce kafar konsol, ramin da ake soka kebul daga laftof a shiga na'ura kai tsaye. Mun karɓi izini a rubuce daga masu ofishin kafin mu taɓa komai, domin aikin zai kai ga sauya kalmar sirri.

Mun manna wa kowace na'ura lamba da tef: S1 zuwa S5 su ne 2950, S6 da S7 su ne 2960, R1 rauta, P1 ProCurve.

Saitin konsol na Cisco na asali shi ne gudun 9600, bit 8, babu parity, stop bit 1, babu sarrafa kwarara. A PuTTY, manhajar da muke shiga konsol da ita, gurbin Flow control, wato sarrafa kwarara, yana zuwa ne a kan XON/XOFF, sai an mayar da shi None da hannu.

Adaftar USB da muka samu a durowar ɗakin, mai haɗa laftof da kebul ɗin konsol, ba ta ko bari PuTTY ya buɗe ba. A Device Manager akwai alamar rawaya da kuskuren Code 10. Mun duba Hardware Ids, ya nuna VID_067B da PID_2303, wato guntun lantarki (chip) PL2303 na kamfanin Prolific. Kasuwa ta cika da jabun wannan guntu, kuma sababbin direbobin Prolific ba sa karɓar jabu, ba sa karɓar tsohon samfurin HXA da aka daina yi tun 2012. Ana iya komawa tsohon direba, sai dai Windows kan sake ɗora sabo da kanta ba tare da ta tambayi kowa ba, a wayi gari an koma gidan jiya. Mun ajiye adaftar gefe.

An riga an fara cewa a ofis suwic ɗin sun mutu, a sayi sababbi. Yau ko harafi ɗaya bai bar laftof ɗinmu ba, saboda haka babu abin da za a iya yanke wa suwic hukunci da shi.

Talata, 14 ga Janairu

Adafta ta biyu mai guntun CH340 ce. Windows ta ba ta COM5, PuTTY ya buɗe. A S6 komai lafiya: an danna Enter, ta amsa. A S1 kuwa muna ganin saƙonnin da take fitarwa a allo, amma duk abin da muka buga ba ya shiga.

Gwajin madauki muka fara yi. Aka cire kebul, aka lanƙwasa kilif na takarda aka haɗa fil na 2 da na 3 a kan DB-9 na adaftar, wato kanta mai fil tara, aka buga haruffa. Sun dawo allo. Wanda zai yi wannan gwaji ya tabbatar Local echo a kashe yake, in ba haka ba manhajar ce ke nuna masa abin da ya buga, ya ɗauka adafta ce ta dawo da shi. Lambobin fil ɗin suna nan a zane cikin robar, ƙanana ƙwarai, sai an haska da tocilan waya. Na kan mace a juye suke da na kan namiji, nan mutane suka fi kuskure.

Gwajin madauki yana nuna cewa adafta tana jin kanta ne kawai. Bai nuna wata na'ura za ta ji ta ba. Saboda haka muka ɗauko mitar auna wuta, baƙin tsinke a fil na 5, jan tsinke a fil na 3, ba a tura komai. Ya karanta sifili. A ƙa'idar RS-232, wadda kafar konsol ke aiki da ita, layin da ke zaune shiru yana tsakanin −3 da −15 bolt, idan ya koma ɗaya ɓangaren kuma tsakanin +3 da +15. Abin da ke tsakanin −3 da +3 ƙa'idar ba ta san da shi ba. Wannan adafta ba ta da guntun ɗaga wuta irin MAX232 a cikinta, tsakanin 0 da 5 take lilo. Wasu na'urori suna haƙuri da haka, wasu ba sa yi, kuma na'ura ɗaya ma tana iya karɓa yau ta ƙi gobe idan kebul ya ƙara tsawo. Laifin ba na CH340 ba ne a matsayinsa na guntu, laifin wanda ya haɗa kebul ɗin ne ya tsallake guntun wuta don ya rage kuɗi.

Kada kuma a kawo ƙananan allunan USB masu fil huɗu ko shida da ake amfani da su wajen Arduino. Wutarsu 3.3 ko 5 ce, siginarsu a juye take da ta RS-232, kuma wutar da ke ƙasa da sifili daga kafar konsol tana iya ƙona su.

Laraba, 15 ga Janairu

An sayo adafta mai guntun FT232R a Banex Plaza, Wuse II. Mun tafi da laftof da mita shagon, aka gwada a gaban mai kaya kafin a biya: a Linux `lsusb` ya nuna 0403:6001, fil na 3 ya karanta kusan −6 bolt. S1 ta amsa da Enter na farko. S2 ma haka.

Da muka koma kan S4 da ke can saman rak, shuɗin kebul ɗin Cisco bai kai ba, aka ɗauko wani dogon kebul da ke rataye a bango da kan adafta mai launin toka da aka rubuta wa TERMINAL. Shiru. Aka jera kawunan kebul ɗin biyu gefe da gefe, sai ga launuka a jere iri ɗaya. Kebul ɗin intanet ne miƙaƙƙe.

A kafar konsol ta Cisco fil na 3 ne ke turawa, na 6 ke karɓa, na 4 da na 5 ƙasa ne. Kebul ɗin konsol kuwa juyayye ne baki ɗaya: 1 ya je 8, 2 ya je 7, 3 ya je 6, 4 ya je 5. Idan aka sa miƙaƙƙe, mai turawa ya haɗu da mai turawa, kowa na magana babu mai sauraro. Kebul ɗin da ake haɗa kwamfuta biyu da shi, mai musanya 1 da 3, 2 da 6, shi ma ba zai yi ba.

Mun yanke kai ɗaya muka sake matsewa. Kan farko ya zauna a jerin T568B: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Kai na biyu aka fara daga ƙasa-ƙasa aka ƙare a fari da lemo. Na'urar gwajin kebul za ta nuna fitilun ɓangare ɗaya suna hawa daga 1 zuwa 8, na ɗaya ɓangaren suna sauka daga 8 zuwa 1. A aikin intanet wannan alamar ɓarna ce, a nan kuwa ita muke nema. An naɗa masa jan tef a kawuna biyu don kada wani ya mayar da shi cikin kebul ɗin ofis.

S4 ta amsa.

Ga wanda zai yi aiki da laftof ɗin Ubuntu: sai an sa sunansa cikin rukunin `dialout` kafin ya iya buɗe `/dev/ttyUSB0`, kuma sai ya fita ya sake shiga. A minicom, takwarar PuTTY a Linux, gurbin Hardware Flow Control yana zuwa a kunne, a kashe shi, in ba haka ba za a ga rubutu amma madannai ba za su yi aiki ba, daidai da alamar jiya ko da yake dalilin daban ne. A Ubuntu 22.04 kuma manhajar makafi `brltty` tana ƙwace adaftar CH340 da zarar an soka ta, sai ttyUSB0 ya bayyana ya ɓace. `dmesg` zai nuna haka ƙarara.

Alhamis, 16 ga Janairu

Yau datti muka gani a allo har iri biyu, kuma raba su ya ci rabin yini.

Na farko a S3. Duk Enter da aka danna sai wasu baƙaƙen alamomi su fito, babu kalma ɗaya da za a karanta. Datti irin wannan labari ne mai daɗi: kebul yana aiki, kafa tana da rai, gudu ne bai zo ɗaya ba. Mun bi su ɗaya bayan ɗaya, ana rufe zama ana sake buɗewa: 19200, 38400, 57600. A 115200 sunan suwic ɗin ya fito tsaf. A Catalyst gudun yana iya zama a wuri biyu, ko dai a umarnin `speed` ƙarƙashin `line con 0`, ko a ma'ajin BAUD na manhajar tashi, wanda ba ya gogewa ko an kashe wuta. Yawanci wani ne ya ɗaga shi don tura fayil ta Xmodem, hanyar tura fayil ta kebul ɗin konsol, ya gama ya manta bai mayar ba. Za mu gyara ranar Asabar idan mun shiga ciki.

Na biyu a S2, wadda jiya ta yi magana garau. Yau rubutu yana fitowa, ana karantawa, amma jefi-jefi harafi ya ɓace ko wata alama ta shigo tsakiyar kalma. Wannan ba gudu ba ne, domin kuskuren gudu ba ya barin kalma ko ɗaya lafiya. Abin da ya sauya tsakanin jiya da yau: an ɗauke wuta, ginin yana kan janareto, laftof kuma yana kan caja a soket ɗin bango, rak yana kan UPS. Aka zare cajar, rubutu ya wanke nan take. Aka mayar, datti ya dawo.

Cajar mai ƙafa biyu ce, ba ta da wayar ƙasa. Irinta tana zubo 'yar wuta kan jikin laftof, wadda mutum kan ji kamar tsikari idan ya shafa ƙarfen. RS-232 kuwa duk awonsa daga fil na 5 yake yi. Idan ƙasan laftof da ƙasan rak suka bambanta, wannan siririyar waya ce ke ɗaukar bambancin, sigina ta gurɓace. Daga yau laftof a kan batir zai yi aikin konsol, in caji ya zama dole a soka shi a soket ɗaya da rak. Mun kuma rubuta wa mai aikin wutar Utako ya auna wayar ƙasa ta ɗakin sabar kafin a kai kaya.

Hunturu ne, iska a bushe, a taɓa ƙarfen rak kafin a taɓa kowace kafa. Ramukan konsol na S3 da S5 sun cika da jar ƙura har ba a ganin zinaren fil, an hure su da iska an goge da burushi busasshe.

Asabar, 18 ga Janairu

Ofis a rufe, an samu damar kashe na'urori. S1 zuwa S7 duk bakwai suna da kalmar sirri da ba a sani ba.

A 2950: a zare wuta, a danne maɓallin Mode, a mayar da wuta, a saki idan fitilar STAT ta mutu, wajen daƙiƙa biyar. A 2960 ana jira SYST ta yi ƙiftawar ruwan lemo ta tsaya kore sannan a saki. Allo zai nuna `switch:`. Daga nan `flash_init`, a 2950 a ƙara `load_helper`, sai `dir flash:`, sai `rename flash:config.text flash:config.old`, sai `boot`. Idan ta tashi ta tambayi ko a shiga saitin farko, a ce no. A shiga `enable`, a mayar wa fayil sunansa da `rename flash:config.old flash:config.text`, a ɗora shi da `copy flash:config.text system:running-config`, a sa sabon `enable secret`, a gyara kalmar sirrin `line con 0` da ta `line vty`, sannan `write memory`.

Kafin a sauya komai ana ɗaukar kwafi: a kunna Logging a PuTTY, a buga `terminal length 0` don kada ta riƙa tsayawa shafi-shafi, sai `show running-config`, `show version`, `show vlan brief`, `show vtp status`, `show cdp neighbors`. Jerin VLAN, wato rukunonin da ake rarraba hanyar sadarwa zuwa gare su, ba lallai ya fito a running-config ba, yana cikin fayil ɗin `vlan.dat`, shi ya sa `show vlan brief` ya zama wajibi.

A S3 umarnin `set` ya nuna BAUD=115200 kamar yadda muka zata. `unset BAUD` ya mayar da ita 9600.

S1, S2, S3, S4, S6 da S7 sun kammala. S5 ba ta ma buƙaci Mode ba: da aka mayar mata da wuta ta kasa ɗora IOS, manhajar da ke tafiyar da ita, ta tsaya a `switch:` da kanta. Ta daɗe a kunne, tana gudu daga RAM, ba wanda ya san fayil ɗin da ke flash ya lalace. An mayar da kebul ɗinta shida kan S4 na wucin gadi.

Litinin, 20 ga Janairu, bayan tashi daga aiki

R1. Minti goma na farko sun tafi a banza saboda kebul yana cikin AUX. Ramukan biyu maƙwabta ne kuma kamarsu ɗaya, konsol ce mai rubutun shuɗi, AUX mai baƙi. Saƙonnin tashi ba sa fitowa ta AUX.

Rauta ba ta da Mode, siginar Break ake turawa cikin daƙiƙa 60 na farkon tashi. A PuTTY tana ƙarƙashin Special Command, a Tera Term Alt da B, a minicom Ctrl-A sannan F. Break ba harafi ba ne, riƙe layi ne a gefen bit sifili fiye da tsawon harafi guda, kuma adafta mai arha ba kowace ke iya yinsa ba. Akwai tsohuwar dabara: a buɗe zama a gudun 1200, a kunna rauta, a danne maɓallin tazara daƙiƙa 10 zuwa 15, a rufe a koma 9600. A wannan jinkirin sifilan da ke cikin harafin tazara suna yi wa rauta kama da Break. Mu ba mu bi ta nan ba. A 2811 ya fi sauƙi a kashe ta, a zare katin CompactFlash, a kunna. Da ta rasa IOS sai ta faɗa `rommon`, manhajar tashinta, da kanta. Sai `confreg 0x2142`, a mayar da kati, a buga `reset`.

0x2142 yana sa ta tsallake saitin da aka ajiye. Wurin haɗarin yana nan: `copy startup-config running-config` ake bugawa. Wanda ya juya shi, ko ya buga `write memory` tun bai ɗora ba, ya shafe saitin shekaru da wofi. Bayan ɗorawa kafofin suna nan a rufe, sai an bi kowace da `no shutdown`. A ƙarshe `config-register 0x2102`, a ajiye, a duba layin ƙarshe na `show version`. Wannan lambar tana riƙe da gudun konsol ma, rautar da aka bari a 0x3922 a 115200 za ta yi magana.

Talata, 21 ga Janairu

S5. `dir flash:` ya nuna fayil ɗin IOS bai kai girman na S4 ba, alhali sunansu ɗaya, samfurinsu ɗaya. Mun ɗauko na S4 zuwa laftof ta TFTP. A `switch:` babu hanyar sadarwa, ta kebul ɗin konsol kawai za a tura.

Fayil ɗin wajen megabayit 3 ne. A gudun 9600 kowane bayit yana cin bit 10, wato bayit 960 a daƙiƙa, kusan awa guda kenan ko da babu jiran amsa. Sai muka goge lalataccen don flash ɗin 2950 megabayit 8 ne kacal, muka buga `set BAUD 115200`. Allo ya rikice nan take, aka sauya gudun manhaja ya daidaita. PuTTY ba shi da Xmodem, Tera Term muka yi amfani da shi: `copy xmodem: flash:` haɗe da sunan fayil, idan ta fara fitar da harafin C a jere sai a tura ta File, Transfer, XMODEM, Send, a zaɓi 1K.

Zaɓin 1K yana da dalili. Xmodem na asali yana tura bayit 128 ya tsaya jiran amsa, fayil ɗinmu zai zama guntaye sama da 23,000. Adaftar FTDI kuma tana riƙe ƙaramin saƙo har milidaƙiƙa 16 kafin ta miƙa wa kwamfuta. Idan aka ninka, minti shida ne na zaman jira zalla. Guntaye masu bayit 1024 suna rage wannan sau takwas, kuma ana iya sauke Latency Timer a Advanced na Port Settings.

Yunƙurin farko ya yanke a tsakiya saboda laftof ya yi barci. Aka kashe barci da tanadin wutar USB, aka goge guntun fayil, na biyu ya wuce cikin ƙasa da minti 20. Girman bayit ya zo daidai da na S4. `unset BAUD`, aka koma 9600, `boot`. Ta tashi, config.text ɗinta yana nan lafiya.

Alhamis, 23 ga Janairu

P1 kafarta DB-9 namiji ce, kebul mace da mace take so, mai musanya fil na 2 da na 3. Miƙaƙƙe ya ba da shiru, mai musanya ya yi. Tana gano gudu da kanta idan aka danna Enter sau biyu ko uku.

Ramin DB-9 da ke bayan UPS kada kowa ya soka masa ko ɗaya daga cikin kebul ɗinmu. A Smart-UPS na APC jerin fil ɗin daban ne, kebul na musamman yake so irin 940-0024C a gudun 2400, kuma kebul na gama-gari yana iya kashe UPS ɗin tare da duk abin da ke kansa. An toshe ramin da tef.

Gwajin mayar da saiti a S5 ta hanyar manna rubutu ya nuna layuka uku da haruffa suka zube, saboda babu sarrafa kwarara kuma tsohuwar na'ura ba ta haɗiye da sauri. A Tera Term, Setup, Serial port, aka sa Transmit delay milidaƙiƙa 5 ga harafi, 100 ga layi, ya shiga cif.

Abin da ya rage kafin ranar kwasa shi ne VTP, tsarin da suwic ɗin Cisco ke raba jerin VLAN a tsakaninsu: `show vtp status` ya nuna S2 da S6 suna da sunan yanki ɗaya, duka a matsayin server, lambar bita ta S2 ta fi girma amma VLAN ɗinta huɗu ne, na S6 tara. A Area 11 babu trunk, wato haɗin da ke ɗaukar VLAN daga suwic zuwa suwic, tsakaninsu. A zanen Utako akwai, kuma da zarar sun haɗu mai babbar lamba ce za ta rinjaya, VLAN biyar su ɓace. Gobe bayan Juma'a za a sa S2 a `vtp mode transparent` don lambar ta koma sifili, a sake ɗaukar kwafinta. Jan kebul, adaftar FTDI da mita suna cikin akwatin da aka rubuta wa KONSOL a ƙasan rak, shi za a fara sa wa a mota.